Tarihin Na'urar Leƙa Cikin Ɗan Adam

Takardarmu ta wannan mako daga wani bawan Allah take a Funtuwa. Ya ce likita ya umarci a zura wa mahaifinsa na'ura ta baki don a duba gyambon ciki, amma tsohon ya ƙi, wai yana tsoron kada a huda masa hanji. Yana tambaya, wa ya ƙago wannan na'ura, kuma akwai haɗari?

To Malam, tsoron Baba yana da asali, domin a da aikin yana da haɗari ƙwarai. A 1806 wani likitan Jamus, Philipp Bozzini, ya ƙera bututu mai madubi da kyandir don leƙa cikin jiki. A 1853 Desormeaux na Faransa ya kawo nasa mai fitila, sai dai zafinta yakan ƙona majiyyaci. A 1868 Adolf Kussmaul ya zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai tsawon santimita 47 har tumbin wani mai wasan haɗiye takobi. Ka ga kuwa ba kowa ke da irin wannan maƙogwaro ba, shi ya sa bututun ƙarfe yakan yaga hanyar abinci.

Sauƙi ya fara samuwa a 1932, da Rudolf Schindler ya fito da wanda rabinsa ke lanƙwasuwa. A 1957 kuma, a Amurka, Basil Hirschowitz da abokan aikinsa suka yi na zaren gilashi mai lanƙwasuwa kamar igiya. Kafin ya gwada a kan kowa, shi ya fara haɗiye abinsa.

Amma gyaran na'ura kaɗai bai isa ba. Akwai wani aiki da aka fara a 1968, inda ake wuce tumbi a kai ga hanyar matsarmama. Bayansa wasu sukan kamu da kumburin fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. A 2012 aka buga binciken da aka yi a kan mutum 602 masu haɗarin kamuwa. Waɗanda aka sa wa maganin indometasin ta dubura, kashi 9 cikin 100 ne suka kamu, waɗanda ba a sa wa ba kusan kashi 17. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai ta sa ba da irin wannan magani cikin ƙa'idojinta.

Haka batun wanki. A 2015, a wani babban asibiti na Los Anjalis, ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani suka maƙale a kan na'urar wancan aiki, mutum 7 suka kamu, 2 suka rasu. Wannan ya sa aka tsananta dokar wanki, har a 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a koma ga na'urori masu kan da ake cirewa a yar.

Ka ga ke nan, ƙa'idojin nan ba don a wahalar da mutane aka kafa su ba, daga wuyar da wasu suka sha aka koyo su. Duba tumbi irin wanda za a yi wa Baba yana cikin masu sauƙi, mintoci kaɗan ne, kuma huda abu ne da ba safai ake gani ba.

Naku aikin shi ne bin umarni. In an ce kada ya ci abinci awa 6 kafin aiki, to ko koko kada ya sha, don kada amai ya faɗa huhu. A gaya wa likita duk maganin da yake sha, musamman mai tsinka jini da na ciwon sukari. In an yi masa allurar barci, a raka shi gida. In kuma ya ji matsanancin ciwon ciki ko ƙirji, ko zazzaɓi, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ka gaishe mana da Baba, Allah Ya ba shi lafiya. Sai mun ji daga gare ku.