Roka da Matsalar Dawowa Ƙasa

Roka na'ura ce da ke tashi ta hanyar feso wuta da iska mai zafi ta ƙasanta. Da man da take ƙonawa da iskar oksijin ɗinta duk a cikinta suke, shi ya sa take aiki har a inda babu iska. Sinawa ne suka fara haɗa ta da albarushi, kuma tun ƙarni na 13 suke harbin abokan gaba da ita.

Rokar zamani a takarda ta fara. A 1903 wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya fitar da lissafin yawan man da ake bukata kafin a kai sararin samaniya. Ranar 16 ga Maris, 1926, Robert Goddard ya harba ta farko mai amfani da mai na ruwa a wata gona a Amurka. Mita 12 kacal ta tashi, ta faɗo cikin daƙiƙa biyu da rabi. Yaƙi ne ya rene ta. Rokar V-2 da Jamus ta riƙa jefa wa Landan daga 1944, fursunoni aka tilasta wa ƙera ta, dubbai suka mutu a bakin aikin. Da yaƙi ya ƙare, Amurka ta kwashe injiniyan V-2 Wernher von Braun da abokan aikinsa, Tarayyar Sobiyet ta ɗebi abin da ya saura. Rokar R-7 ta injiniyan Sobiyet Sergei Korolev ta kai tauraron ɗan'adam Sputnik sama a 1957, Saturn V ta Amurka mai tsayin mita 110 kuma ta kai mutum duniyar wata a 1969.

Duk waɗannan sau ɗaya ake morarsu. Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka mai ne, injinanta masu ɗan karen tsada kuwa sai su faɗa teku ko su ƙone, tamkar mutum ya sayi sabuwar mota, ya je kasuwa sau ɗaya, ya cinna mata wuta. Amurka ta nemi maganin wannan asara da kumbon Shuttle, wanda ya yi tafiya 135 daga 1981 zuwa 2011. Yana dawowa, amma kuɗin gyaransa ya cinye arahar da aka yi fata, haɗurra biyu kuma suka halaka 'yan sama jannati 14.

Ranar 21 ga Disamba, 2015, kamfanin SpaceX ya sauko da gindin rokar Falcon 9 a tsaye bisa ƙafafunta. A 2017 ya sake harba wanda ya taɓa tashi, yanzu akwai waɗanda suka haura tafiya 20. A Oktoban 2024 hasumiyar harbi ta cafke gindin rokar Starship ta kamfanin da hannuwan ƙarfe yayin saukowarsa. Abin da ake nema shi ne roka ta dawo ɗungurungum, a zuba mata mai ta sake tashi.

Har yau ƙasashe ƙalilan ne ke iya harbi da rokarsu. Tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, NigeriaSat-1, rokar Rasha ce ta ɗauke shi daga Plesetsk a watan Satumban 2003.