Wankin Fim na Hoton Taurari

Wankin fim baƙi-da-fari na hoton taurari sana'a ce da masana falaki suka dogara da ita sama da shekara 100 wajen ɗaukar abubuwan da ido ba ya gani a sararin samaniya. Hanyar wankin kusan ɗaya ce da ta masu hoton Sallah na da a Zangon Kumasi: ɗaki mai duhu, da ruwan magani na farko da ke fito da sura, da na biyu da ke kafe ta, sai ɗauraya da shanya. Bambancin yana wajen haƙuri. Ido ba ya tara haske, fim kuwa yana tarawa, muddin aka bar kyamara a buɗe tana bin tauraro a hankali har tsawon sa'o'i.

A daren 30 ga Satumba, 1880, Henry Draper na Amurka ya ɗauki gajimaren gas na Orion cikin minti 51. A 1883 Andrew Common ya maimaita a Landan, sai ga taurarin da ba a taɓa hangowa ba ko da madubin hangen nesa. A 1885 wasu 'yan'uwa biyu, Paul da Prosper Henry, suka juya na'urarsu a birnin Faris zuwa ga taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Da aka wanke farantin gilashin da suka ɗauki hoton a kai, aka ga wani hazo a jikin ɗaya daga cikin 'ya'yan. A kan irin wannan faranti ne Edwin Hubble ya gano tauraro mai ƙaruwa da raguwar haske a Andromeda a 1923, wanda ya tabbatar da cewa ita ma tarin taurari ce mai zaman kanta, nesa da namu.

Babbar matsalar ita ce fim yana kasala idan haske ya yi rauni. Ninka lokaci ba ya ninka sakamako. Maganin da aka samo a shekarun 1970 ya yi kama da girki: a rufe fim a tukunyar ƙarfe, a zuƙe iska da danshi, a cika ta da naitirojin mai ɗan haidirojin, a ɗumama ta wajen digiri 50, wani lokacin har kwanaki. Fim ɗin Technical Pan na Kodak ne ya fi karɓar wannan horo. Ana wanke shi da maganin D-19 a digiri 20, cikin duhu ƙirin, domin yana ganin jan haske. Jar fitilar mai hoto za ta ƙone aikin dare guda. A ƙasa mai zafi kamar Gana, sai an sa ƙanƙara kafin ruwan ya sauka zuwa wannan ma'auni.

Kyamarar dijital ce ta kashe kasuwar. Kodak ta daina yin Technical Pan a 2004, amma har yau Jami'ar Harvard tana adana faranti sama da 500,000.