Abin Hawa Mai Ɓarna: Daga Wasan Kwamfuta Zuwa Katafilar Bakolori

Akwai wani irin wasan kwamfuta da samari ke so ƙwarai, wanda ake tseren motoci a cikinsa, amma ba tsere irin na lalama ba. Kowace mota an ɗaura mata bindiga, ko makami mai linzami, ko nakiya, kuma mai tuƙi yana da izinin ya harbe abokin tserensa, ya rushe gada, ya kayar da bene a kan hanya don ya tare na baya. Nufina a wannan 'yar ƙasida shi ne in bi sawun wannan wasa, sa'an nan in auna shi da abin da ƙasarmu ta Mafara da Bakura da Maradun ta gani da idonta, domin ina ganin akwai wurin da masu ƙera wasan suka yi kuskuren fahimtar yadda ake rushe gari.

Wasan dai ba jiya aka fara shi ba. A shekarar 1976 wani kamfani na Amurka mai suna Exidy ya fitar da Death Race, inda mai wasa ke bin waɗansu 'yan halittu masu kama da mutane yana takewa, kowane ya taka sai alamar kabari ta fito a wurin. Jaridun Amurka suka yi ca a kansa. A 1995 aka fitar da Twisted Metal a kan PlayStation, mai motoci iri iri, har da motar sayar da askirim da aka mayar ta yaƙi. Kashi na biyu, na 1996, shi ne ya ba mai wasa damar ya kayar da hasumiyar Eiffel ta birnin Faris, ya mai da ɓaraguzanta hanya. Carmageddon, wanda aka yi a Ingila a 1997, sai da aka sāke masu tafiya a ƙasa aka mai da su gawawwaki masu koren jini kafin hukuma ta yarda a sayar da shi a can. Zuwa 2010, a cikin Split/Second, rushe wuri ya zama shi ne zuciyar wasan: mai tsere zai iya kayar da hasumiyar filin jirgin sama a kan abokan hamayyarsa, hanyar tseren ma ta canja baki ɗaya.

To, abu biyu ke nan aka haɗa. Na farko, gudu da makami a kan abin hawa guda. Na biyu, ɓarnar wurin da ake tseren a cikinsa.

Na farkon ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Doki mai lifidi, in an duba da kyau, ai shi ne motar sulke ta wancan zamani: an lulluɓe shi da auduga mai kauri don kibiya, mahayinsa na riƙe da mashi da takobi. Da irin waɗannan dawaki Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a zamanin Sarkin Gobir Babari, a tsakiyar ƙarni na 18. Sai dai a Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, 'yan baka na jama'ar Shehu Usmanu, waɗanda dawakinsu ba su taka kara sun karya ba, suka fatattaki barayen Yunfa da lifidansu. Ko a wannan zamani namu an sāke ganin haka a Cadi a 1987, lokacin da mayaƙan Hassan Jamus suka hau a-kori-kura ƙirar Toyota da makaman harbo tanka, suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum. Wannan sashe na tarihi sananne ne, ba sai na tsawaita ba.

Na biyun shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A cikin wasan, mota mai bindiga ita ke rushe gari, kuma cikin ƙiftawar ido, da ƙara da wuta. Mu kuwa motocin da suka fi canja fuskar ƙasarmu ba su ɗauke da ko harsashi ɗaya, kuma sannu a hankali suka yi aikinsu, bisa takarda da sa hannun hukuma.

Ina nufin aikin madatsar ruwa ta Bakolori, a kan Gulbin Sakkwato. An fara ginin a 1974, aka gama madatsar a 1978. Kamfanin da ya yi aikin, Impresit Bakolori, haɗin gwiwa ne tsakanin Gwamnatin Tarayya da Impresit na ƙasar Italiya, wanda reshe ne na kamfanin Fiat mai ƙera motoci. (Mai karatu ya lura da wannan: masu mota ne suka zo yi mana noma.) Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ita ke kula da shirin. An tsara tafkin ya riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon cikin kwano, ya mamaye fili kimanin hekta 8,000, a kuma shayar da gonaki sama da hekta 20,000 a ƙasan madatsar. Niyyar dai a takarda ba ta da aibu. Fari na farkon shekarun 1970 ya gigita mutane, kuɗin man fetur kuma ya shigo, kowa na maganar noman rani da alkama da shinkafa.

Ɓarnar ta zo ta fuska uku. A sama da madatsar, ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka tayar da mutane wajen 13,000, aka kai da yawansu Sabuwar Maradun, a kan tudu mai ƙarancin albarka idan aka gwada da fadamar da suka baro. A ƙasa da madatsar, wajejen Mafara da Bakura, injiniyoyi suka ce ba za a iya ban ruwa ba sai an daidaita ƙasa. Nan katafila ta shiga. Ta tuge ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, ta share kunyoyi, ta shafe iyakokin gonaki waɗanda kaka da kakanni suka sani da itace kaza ko dutse kaza. Manomi fa ba shi da taswira. Bishiyar nan ita ce shaidarsa, ita ce kuma abin miyarsa. Aka hana mutane shuka, waɗansu damina biyu, waɗansu uku, ana jiran a gama aiki a sāke raba musu fili. Fuska ta uku ita ce can nesa a gangaren gulbi, inda ambaliyar shekara shekara ta ragu, fadamun shinkafa suka bushe, masunta suka rasa kifi. Waɗannan na ƙarshe ko cikin lissafin diyya ba a sa su ba.

Diyyar ma ita ce ta zama wutar rikicin. Waɗansu an biya su kaɗan, waɗansu an yi ta yi musu gobe jibi, aka kuma yi ta ƙorafin cewa kuɗi na maƙalewa a hannun 'yan tsakiya. Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin, suna hana motocin kamfani wucewa. A nan ne, in mai karatu zai yarda da ni, tarihi ya yi wa wasan kwamfuta gyara mai kyau. A wasa, mai ƙarfi ne ke tare hanya da ɓaraguzai. A Bakolori kuwa, tare hanya shi ne makamin wanda ba shi da mota. Itace da duwatsu da jikin mutum suka tsayar da tifa da katafila, aikin miliyoyin naira ya tsaya cik na watanni.

A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, Alhaji Shehu Kangiwa yana gwamnan Jihar Sakkwato (ba a ƙirƙiro Jihar Zamfara ba sai 1996), aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma cikin manyan motoci. Suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje da rumbuna, abin ya fi muni a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura. Adadin mamata da hukuma ta bayar ƙarami ne ƙwarai. Masu bincike da 'yan adawa na lokacin, cikinsu har da Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, sun tsaya a kan mutum sama da 380. Ni dai a ganina, tazarar da ke tsakanin lissafin nan biyu ita kanta wani babi ce na tarihin da ya kamata ɗaliban Hausa su shiga ƙauyuka su rubuta daga bakin dattawan da suka rage, tun ƙasa ba ta rufe idonsu ba.

Kada a ce na yi son kai, madatsar ta yi amfani. Duk wanda ya bi ta Mafara da rani ya ga koren shinkafa da albasa da tumatir a bakin magudanai ya san ruwan nan yana ciyar da gidaje masu yawa. Amma tsarin ban ruwa na feshi, wanda aka kashe maƙudan kuɗi a kansa, bai daɗe ba ya lalace don rashin wuta da kayan gyara, filin da ake nomawa kuma ya kasa kaiwa abin da aka yi alkawari. Abin da katafila ta tuge cikin yini guda, ɗorawa ce mai bukatar shekaru kafin ta fara ba da kalwa.

Abin hawa mai ɗauke da bindiga ya dawo mana daga baya, a siffar da babu wani mai ƙera wasa da ya yi tunaninta, wato babur mai goyon mutum uku. Shi ne dokin 'yan bindigar daji, don yana bin burtali da ƙoramar da motar soja ba ta iya bi. A shekarar 2021 kaɗai, ƙananan hukumomin nan uku kowace ta ɗanɗana: ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, cikin Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Matakan da gwamnatin jiha ta ɗauka a lokacin sun nuna inda ta gane ƙarfin yake. Ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya a jihar baki ɗaya. Kasuwar Talata, wadda garin Mafara ya samo rabin sunansa daga gare ta, tana cikin waɗanda dokar ta shafa.