Ƙofar Teku: Tarihin Jiragen Agaji Zuwa Gaza

Ina aji biyar na firamare ranar Litinin, 31 ga Mayu, 2010, lokacin da na fara jin sunan Mavi Marmara. Bayan sallar magariba ne, mahaifina yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗaki, rediyo a gefensa, mai karanta labarai yana bayyana yadda sojojin Isra'ila suka dira da asuba a kan wani jirgin ruwa da ya taso daga Turkiyya, suka kashe mutane. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, ya saba auna kowane al'amari da mudu. Da ya gama salati ya yi wa mamatan addu'a, sai ya ce, kamar mai magana da kansa: "Jirgi shida, mutum miliyan ɗaya da rabi. To, ko da sun isa, kwana nawa abincin zai yi musu?"

Ban da amsa a ranar, domin ko teku ban taɓa gani ba. Amma tambayar ta bi ni har jami'a, kuma da na bi diddigin tarihin waɗannan jirage sai na tarar lissafin Baba daidai ne, sai dai ba abin da ya kamata a auna ba ne ya auna.

Zirin Gaza ɗan tsiri ne a gaɓar tekun Bahar Rum, tsawonsa kilomita 41, girmansa murabba'in kilomita 365. A watan Yunin 2007, bayan ƙungiyar Hamas ta karɓe iko da shi, Isra'ila ta tsananta ƙawanyar da ta yi masa, Masar kuma ta rufe mashigar Rafah sai jefi-jefi. Hujjar Isra'ila ita ce rokokin da ake harba mata, da makaman da take tsoron a shigar, da sojanta Gilad Shalit da aka kama a 2006. Sai dai abin da aka hana ya zarce makami nesa ba kusa ba. An hana siminti da ƙarfen gini, an hana cakulan. A farkon 2009, Sanata John Kerry na Amurka ya ziyarci yankin ya tarar an tsare motocin taliya, wai shinkafa ce kayan agaji, taliya kuwa a'a. Masunta, waɗanda yarjejeniyar Oslo ta ba su mil 20 na teku, an mayar da su mil 3. A 2012, bayan doguwar shari'a da ƙungiyar Gisha ta Isra'ila ta yi, ma'aikatar tsaron ƙasar ta saki wata takarda ta 2008 wadda a cikinta aka ƙididdige kuzarin abincin da kowane mutumin Gaza yake buƙata a rana don kada ya kamu da tamowa: kalori 2,279. Hukumomin sun ce ba su taɓa aiki da ita ba. Ko da hakan gaskiya ne, wani ma'aikaci ya zauna a ofis da alƙalami ya auna lomar al'umma guda.

A cikin wannan hali ne wasu 'yan fafutuka suka haɗa kuɗi suka sayi tsofaffin jiragen katako guda biyu irin na kamun kifi, suka sa musu suna Free Gaza da Liberty. Mutum 44 daga ƙasashe 17 suka taso daga Larnaka ta tsibirin Sayifurus. A cikinsu akwai Anne Montgomery, 'yar ɗariƙar Katolika mai shekara 81, da Jeff Halper, Bayahude ɗan Isra'ila, da wani matashi ɗan Italiya, Vittorio Arrigoni. Ranar 23 ga Agusta, 2008, suka shiga tashar jiragen ruwan Gaza, dubban mutane suna jiran su a bakin gaɓa, yara suna faɗawa cikin ruwa suna iyo don tarbar su. Shekara 41 ke nan rabon da jirgin wata ƙasa ya tsaya a wurin.

Me suka ɗauko? Na'urar ƙara ji guda 200 domin yara masu larurar kunne, da balan-balan 5,000. Ranar da na fara karanta wannan, dariya ta kusa kama ni, na tuna mudun Baba. Daga baya na gane cewa ƙanƙantar kayan ita kanta magana ce. Waɗannan mutane ba su taɓa riya cewa za su ciyar da Gaza ba. Ƙungiyoyin agaji irin su UNRWA, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa tun 1949, su ne masu rabon gari da mai, kuma dole su bi ta ƙofar da mai gadi ya buɗe, su shigar da abin da ya yarda. Masu jiragen kuwa tambayarsu daban ce: wa ya ba mai gadin ikon riƙe mabuɗin? Shi ya sa suka ƙi neman izini, suka ƙi sauke kaya a tashar Ashdod ta Isra'ila duk da tayin da aka sha yi musu. Mai kai sadaka gidan yari da mai cewa a buɗe gidan yarin duka masu tausayi ne, amma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Sau biyar jiragen suka isa a 2008. A na watan Oktoba har da Mairead Maguire ta Ireland ta Arewa, wadda ta sami lambar Nobel ta zaman lafiya. Daga nan ƙofar ta rufe. Ranar 30 ga Disamba, ana tsakiyar yaƙi, jirgin sojan Isra'ila ya banki jirgin Dignity mai ɗauke da magunguna, da ƙyar ya lallaɓa zuwa Lebanon. A farkon Janairun 2009 Isra'ila ta ayyana datse tekun a hukumance. Wasu suka gwada hanyar tudu: ayarin Viva Palestina, motoci fiye da 100 a ƙarƙashin ɗan majalisar Birtaniya George Galloway, ya bar Landan a watan Fabrairu ya ratsa arewacin Afirka. Saboda shi aka buɗe iyakar Maroko da Aljeriya, wadda take a rufe tun 1994, ya wuce, aka sake rufewa.

Sai ayarin 2010. Jirage shida, mutane kusan 700 daga ƙasashe da dama, kaya kimanin tan 10,000 da suka haɗa da siminti da kekunan guragu da magunguna. Ƙungiyar agaji ta IHH ta Turkiyya ce ta sayi Mavi Marmara, tsohon jirgin fasinja. A lokacin Isra'ila tana cewa tana barin tan 15,000 su shiga kowane mako, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana cewa hakan bai kai rubu'in abin da ake buƙata ba. Ke nan duk kayan ayarin bai kai na mako guda ba. Ga amsar Baba a fili.

An tare su a ruwan da ba na kowa ba, fiye da mil 70 daga gaɓa. Sojoji suka sauko daga jirage masu saukar ungulu, wasu fasinjoji suka tare su da sanduna da ƙarafa, sojoji suka buɗe wuta. Mutum tara suka mutu, ƙaraminsu Furkan Doğan, ɗan shekara 18. Na goma ya cika a 2014 bayan shekara huɗu a sume. Sojoji goma sun jikkata. Masu binciken Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce ƙawanyar haramtacciya ce. Kwamitin Palmer na 2011 ya ce datse tekun bai saɓa wa doka ba, amma ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce kima. Da yake jirgin yana ɗauke da tutar Komoros, wannan ƙaramar ƙasa ta Afirka ce ta kai ƙara kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, inda babbar mai gabatar da ƙara, Fatou Bensouda 'yar Gambiya, ta ce a 2014 akwai alamun an aikata laifin yaƙi, amma girmansa bai kai kotun ta shiga ba.

Duk da haka bango ya tsage. Washegarin harin Masar ta buɗe Rafah. Cikin mako uku Isra'ila ta juya tsarinta: maimakon jerin ɗan abin da aka yarda ya shiga, sai aka koma jerin abin da aka hana. A 2013 Benjamin Netanyahu ya nemi afuwar Turkiyya, a 2016 aka amince da diyyar dala miliyan 20.

A nan ne zuciyata take ƙin kwanciya. Yaƙin Disambar 2008 zuwa Janairun 2009 ya ci Falasɗinawa kusan 1,400, kuma bai sa an bar buhun siminti ya wuce ba. Mutuwar baƙi tara ta motsa a mako uku abin da wancan jini bai motsa ba. Masu jiragen sun san da wannan bambanci, kuma shi ne jarinsu: fasfo ɗinsu da fatarsu da sunayen ƙasashensu. Na yaba musu da suka kashe wannan jari a kan wasu, amma ba zan ɓoye cewa dabarar tana aiki ne domin duniya ba ta auna rayuka da mudu ɗaya ba. Kuma sassaucin ma ya tsaya ne a kan abin da zai shiga. Manomin Gaza mai son fitar da tumatir, da ɗalibin da ya sami gurbin karatu a waje, da mara lafiya mai jiran izinin fita, duk sun ci gaba da tsayuwa a bakin ƙofa.

Tarihi kuma yana da nasa zolayar. A watan Yulin 1947, jirgin Exodus ya nufi gaɓar Falasɗinu da Yahudawa 'yan gudun hijira kimanin 4,500. Sojojin ruwan Birtaniya suka tare shi, mutum uku suka mutu, aka mayar da sauran Jamus. Jirgin bai sauke mutanensa inda suka nufa ba, amma ya zubar wa Birtaniya mutunci a idon duniya. Falasɗinawa sun karanta wannan darasi: a 1988 ƙungiyar PLO ta shirya jirgin komawa gida domin waɗanda aka kora, sai bam ya huda shi a tashar Limasol kafin ya tashi. Ƙasar da labarin kafuwarta ya ƙunshi jirgin da aka tare ta fi kowa sanin abin da jirgin da aka tare yake iya yi.

Tun daga ƙarshen 2008 babu jirgin 'yan fafutuka da ya sake taɓa gaɓar Gaza, amma ba su daina tasowa ba. An tare na mata zalla a 2016. A watan Yunin 2025, bayan Isra'ila ta hana duk wani agaji shiga tun daga 2 ga Maris har tsawon makonni, ƙaramin jirgin Madleen ya taso da mutum 12, ciki har da Greta Thunberg 'yar Suwidin, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na madarar jarirai da shinkafa. An tare shi ranar 9 ga watan.

A daren ina gida. Baba ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, ni nake maimaita masa labarai daga waya da ƙarfi. Na tuna masa tambayarsa ta shekara 15 da suka wuce, ya ce shi bai tuna ya yi ta ba. Na karanta masa jerin kayan jirgin. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ɗago kai.

"Su goma sha biyu ka ce?"

"Su goma sha biyu, Baba."

"Sun san za a tare su?"

"Sun sani tun kafin su taso."

"To, karanta mini sunayensu," in ji shi. "A hankali, yadda zan ji."