Tsibirin Da Aka Ce Teku Ta Haɗiye

Wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani na ƙasar Girka, Aflatun, ya rubuta labarin wani tsibiri mai suna Atalantis. Ya ce Solon, wani dattijon birnin Atina, shi ya jiwo labarin a bakin malaman Masar. Wai tsibirin yana yamma da mashigin Jabaltarik, sarakunansa kuwa suna da dukiya da jiragen ruwa ba iyaka. Da girman kai ya shige su, sai suka tasam ma Atina da yaƙi, aka fatattake su. Bayan haka aka yi girgizar ƙasa, teku ta haɗiye tsibirin cikin wuni guda da dare guda. Wai shekara 9,000 ke nan kafin zamanin Solon.

Mutane sun daɗe suna neman inda wannan tsibiri yake. A shekarar 1900 wani Bature na Ingila, Arthur Evans, ya fara haƙa a Kanosos, cikin tsibirin Kirit na Bahar Rum. Ya tono wata ƙasaitacciyar fada mai benaye da magudanan ruwa, da zanen samari a bango suna tsallake bijimi. Ya sa wa mutanen da suka gina ta sunan Minos, wani sarki na almarar Girkawa. A 1909 wani malami, K. T. Frost, ya ce ai mutanen Minos su ne na Atalantis, gama su ma gwanayen teku ne, sun yi ciniki da Masar, kuma Aflatun ya ambaci bijimai a bukukuwan sarakunan.

A 1939 wani Bagirke, Spyridon Marinatos, ya ce dutsen Tera mai aman wuta, wanda ke wajen mil 70 arewa da Kirit, shi ya hallaka mulkinsu. A 1967 ya tono wani gari a tsibirin Tera wanda toka ta binne. Waɗansu kuma suka ce kuskuren lissafi aka yi, shekara 900 ake nufi, ba 9,000 ba.

Amma kama da wane ba ta wane. Kirit ba ta yamma da Jabaltarik, tana tsakiyar Bahar Rum, kuma ba ta nutse ba. Awon masana ya nuna dutsen Tera ya fashe wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, alhali fadodin Kirit ba su ƙone ba sai wajen 1450. Garin da toka ta binne kuwa ba a sami gawarwaki a cikinsa ba, alamar mutanensa sun gudu tun da wuri. A 1952 Michael Ventris ya karanta allunan laka na Kanosos, ya tarar da harshen Girka ne. Ashe Girkawa ne suka karɓi mulkin fadar daga baya.

Saboda haka yawancin masana sun tsaya a kan cewa Aflatun misali ya buga, don ya gargaɗi mutanensa game da girman kai da son mulki. Mutanen Minos kuwa an yi su da gaske, ga fadodinsu nan ana gani har yau. Tsohon rubutunsu na asali ne har yanzu ba wanda ya iya karantawa.