Ƙidayar Namun Daji a Gandun Yankari

An keɓe dajin Yankari na ƙasar Bauchi a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma tun daga lokacin aikin masu gadinsa ya haɗa hana farauta da lura da abin da ke cikin dajin. Ƙidaya, wato ƙiyasin yawan dabbobi ta hanyar abin da aka gani ko alamun da suka bari, ta fi sauƙi da rani, sa'ad da ciyawa ke bushewa, giwaye da ɓauna da gwanki kuma suka tattaru a bakin kogin Gaji domin ruwa. Mai gadi yakan duba sawu a laka, da ɗanyen kashin giwa, da reshen da aka karya, ya gane garken da ya wuce da inda ya dosa, ilimin da asalinsa na maharba ne. Tsuntsaye kuwa, irin su burtu da zabin daji, an rubuta fiye da nau'i 350. Gandun ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006.