Zanko Ko Baranda? Tarihin Fuskar Gidajenmu A Sabo

'Yan uwa, duk wanda Allah ya hore wa fili a Sabo ko kewayenta a yau, da zarar an kai ginin linta sai gardama ta tashi. Wani ya ce a yi masa fuska irin ta gida, da zankwaye da Dagin Arewa a saman ƙofa, yadda mai wucewa zai san Bahaushe ne a ciki. Wani kuma ya ce a'a, a yi kwano mai gangara da baranda kamar na maƙwabtanmu Yarbawa. Gardamar nan ba sabuwa ba ce, kakanninmu sun riga mu yin ta.

A Arewa, ginin ƙasa sana'a ce ta gado mai sarkinta, wato Sarkin Magina. Da tubali ake ɗora bango, a yi rufin soro da azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cin ta. A shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, bango kuma da makuba ta kwasfar ɗorawa. Indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. A wajajen 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da bakan gizo na ƙasa, ba ƙarfe ba siminti. Shi kuwa zanen fuskar gida da muke ɗauka tsohon abu ne, ya fi bunƙasa ne a ƙarni na 20, lokacin da attajiran Zariya da Kano suka samu kuɗin gyaɗa da auduga. Har keke da mota da jirgin sama magina suka riƙa zanawa a bango, don mai gida ya nuna shi ma ya waye.

To, da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya isa Kano, sai magabatanmu suka tarar da wata ƙasa dabam. A Kano damina wata huɗu ce zuwa biyar, sannan a samu dogon rani da za a yi yaɓe ya bushe. Nan kuwa ruwa kan fara tun Maris, ba ya ɗaukewa sosai sai Oktoba ko Nuwamba. Soron ƙasa ba zai jure wannan ba, sai ya jiƙe ya yi nauyi ya rufto. Ga shi ba giginya ko ɗorawa a wadace kamar gida. Saboda haka suka bi abin da ƙasar ta yarda da shi, suka rufa kwano. Wasu da suka samu hali ma suka ɗauki salon benen nan na Aguda, wato bayin da suka komo daga Barazil suka zauna a Ikko a ƙarni na 19, waɗanda salon gininsu ake gani a Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894.

Amma ku lura da abin da suka riƙe, ko da a matse: wurin karɓar baƙo a bakin ƙofa, da tsare cikin gida daga idon waje. Dalili a fili yake. Arzikin Sabo a kan fataucin shanu da goro ya ginu, kuma mai gida shi ne mai masauki. Falke ya sauka wurinsa, ya ajiye kuɗinsa, a nemo masa dillali, mai gida ya tsaya masa idan an ba da bashi. Duk wannan a zaure ko ɗakunan baƙi na gaba ake yin sa. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, da ya zauna a Sabo ya fitar da littafi a 1969, ya nuna cewa ƙarfin manyan unguwar a kan gidajen saukar baƙi yake. A nan kuma malam ke karantar da yara, a nan ake zaman makoki da raba goron ɗaurin aure.

Shi ya sa ni a ganina, masu gardamar zanko da baranda sun bar jaki suna dukan taiki. Zanko na siminti a kan dakin ba laifi ba ne, yana da kyau, in dai an yi wa ruwa hanya, domin rufin da aka kewaye da bango a ƙasar nan in ya toshe sai yoyo da gansakuka. Wanda ya fi son kwano mai faɗin baki da zai kare bango daga feshin ruwa, shi ma bai bar al'ada ba, abin da kakansa ya yi ke nan. Dagi kuwa ana iya fitar da shi da siminti a kowace irin fuska.

Abin da ke ɓacewa shi ne zauren. Gidaje da dama an fasa shi an mai da shi shago, sababbin kuma magini kan zana su da ƙofar da ke faɗawa falo kai tsaye. Baƙo ya yi sallama, ko dai a bar shi tsaye a titi, ko a shigar da shi har inda iyali suke. Wanda zai kai wa mai zane takarda a bana, ya fara gaya masa faɗin zauren da inda ƙofarsa ta ciki za ta karkata, kafin a zo maganar zankwaye nawa za a ɗora.